Hannun Dama a Kujera ta Biyar

Ranar da ta ƙi fita daga kaina a aikin nan ita ce Asabar ta farko bayan an buɗe ɗakin kartarmu a Manchester, ranar da tarbiyyar gida ta kusa raba ni da aikina. Ke Murna da ke Ladi, tun da kuka fara horo kuke damuna da tambaya ɗaya: me ya sa Anti Saratu take rubutu da hagu, take shan shayi da hagu, amma in ta zauna a tebur sai ta raba karta da dama? To yau za ku ji. Ku gyara zama, kuma duk wadda ta yi dariya kafin in kai ƙarshe ita za ta wanke kofunan nan.

Ni bahaguwa ce tun daga ciki. A Jos ba irin dabarar da Mama ba ta yi wa hannun nan ba. Ta buge shi da ludayi, ta ɗaure shi da ɗankwali lokacin cin abinci, har barkono ta taɓa shafa masa. Hannu ya ce shi bai san zancen ba. Abu ɗaya ne kawai ya shiga jikina ya zauna daram: ba a miƙa wa babba abu da hagu, balle a jefa masa. Wannan kam ko daga barci aka tashe ni ba zan kuskure ba.

Ina da shekara goma sha huɗu muka taho Birmingham ni da Mama, bayan rasuwar mahaifina. Wanda ya tarbe mu a filin jirgi, ya samo mana ɗaki a Sparkbrook, ya raka ni makaranta ranar farko, shi ne Baba Dauda, aminin babana. Tsohon direban bas ne, kuma dattijon ikilisiyarmu. In ya yi gyaran murya a coci zai karanta sanarwa, har jarirai tsit suke yi. Mama kuwa ita ce shugabar zumuntar mata, kun ga ke nan irin gidan da na fito.

Da na gama jami'a na yi wata da watanni ina aika takardun neman aiki, shiru kake ji. Rannan sai na ga ana neman masu rabon karta a wani sabon gidan caca da za a buɗe a Manchester. Nisan ne ma ya ja ni, domin na tabbata ba ɗan cocinmu da zai yi tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa ya zo ya gan ni. Mama kuwa na ce mata aikin otal na samu. Ba ƙarya zalla ba ce, akwai otal a saman ginin. Ta tara matan zumunta suka yi mini addu'a, suka haɗa mini tukwane, na kama ɗan gidan haya, wato flat, a unguwar Longsight.

Bari in bayyana tsarin aikin, domin na san za ku kai labarin nan wurin waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin karta ba. Kafin ka taɓa kati ɗaya a gaban baƙo sai an horar da kai mako shida, hukuma ta bincike ka ta ba ka lasisi. A ƙasa akwai mai koyo, irinku. Sama da shi sai dila, wato mai rabo. Sama da dila akwai sufeto mai zagaya tebura, sai manajan ɗaki. Sannan akwai waɗanda ba a gani, 'yan ɗakin kyamara, waɗanda muke ce wa mutanen sama. Ko kunne ka sosa sun gani.

Wasan kansa, foka, ba shi da wuyar faɗa. Mutum tara a tebur, a ba kowa kati biyu a kife, sannan a buɗe biyar a tsakiya kowa ya haɗa da nasa. Wanda haɗinsa ya fi ƙarfi, ko wanda ya tsorata saura suka janye, shi yake kwashe kwabban robar da aka tara a tsakiya a madadin kuɗi. Dila ba ya wasa, nasa rabo ne da kula da doka. Dokokin da suka shafi labarina kuwa ga su. Ba a karɓar komai daga hannun baƙo, sai ya ajiye a tebur ka ɗauka. Muddin kati yana kan tebur, Turanci kaɗai ake yi, don kada wasu su haɗa baki da yarensu. In kuma ka san wani a cikin masu wasa, ko maƙwabcin kakarka ne, nan take za ka ɗaga hannu a canja ka. Sannan yadda ka raba wa kujera ta ɗaya haka za ka raba wa ta tara, motsi iri ɗaya, kamar injin ɗinki.

Manajar ɗakinmu a lokacin Madam Doreen ce, 'yar unguwar Moss Side a nan Manchester, kakanninta daga Jamaica suka zo. Ta tsufa a aikin karta. Ba ta ɗaga murya, biro kawai take ɗagawa, kuma in ta ɗaga shi gara ta zage ka. Tun muna horo na riga na sha biron nan sau ɗaya. An kawo mana mutanen unguwa mu gwada rabo a kansu, sai wani tsohon Bature mai sanda ya miƙo mini kwabon roba. Kafin in yi tunani na sa hannu biyu na karɓa, har da ɗan rusunawa. Madam ta rubuta mini gargaɗi, ta ce, "Sara, na biyu, ki ajiye rigar a ƙofa." Sara suke ce mini, wai Saratu ya yi musu tsawo.

To, kwana uku da buɗewa aka sa jarrabawata ta tebur. Minti talatin da baƙi na gaske, Madam tana tsaye a bayana. In na ci, na zama cikakkiyar dila. In na karya doka, da gargaɗin da ke kaina, shi ke nan, sai in tattara tukwanen matan zumunta in koma Sparkbrook in bayyana wa Mama abin da ya sa otal ya kore ni a makon da aka buɗe shi.

Ƙarfe biyu na rana aka fara gasar 'yan koyo, wadda aka shirya don jawo sababbin baƙi. Na zauna, na nuna wa kyamara tafukan hannuna kamar yadda ake yi, na gaishe da tebur. Kujera takwas sun cika. Ta biyar, wadda take daidai gabana, ita kaɗai ta rage. Ina cikin gauraya kati sai na ji ƙamshin busasshen kifi da daddawa. A gidan cacan da kafet ɗinsa ma bai daina warin sabunta ba! Na ɗaga kai, sai ga wani mutum da doguwar kwat, da hular samari ya ja ta har gira, da baƙin gilashi irin na 'yan wasan da ake nunawa a talabijin, ga leda niƙi-niƙi a hannu. Ya tura ledar ƙarƙashin tebur, ya zauna, ya yi gyaran murya.

Jama'a, gyaran muryar nan shekara goma ina jin sa duk Lahadi. Shi ma ya ɗago, ya dubi fuskata, ya dubi sunan da ke ƙirjina, ya sake duban fuskata. Gilashin ya zamo masa har kan hanci.

Baba Dauda ne. Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce da Hausa, "'Yata, ki rufa mini asiri."

Madam ta ce, "Yallaɓai, Turanci kaɗai a tebur."

Baba ya gyara gilashi ya ce mata da Turanci, "Addu'a nake yi."

Ta ce, "To a yi ta da Turanci."

A nan ne ya kamata hannuna ya tashi sama. Na san dokar sarai, na rubuta ta a jarrabawa. Amma ku gaya mini, ta yaya zan ɗaga hannu a gaban mutum tara in ce na san wannan, dattijon cocinmu ne? Mutumin da ya ɗauki akwatina a filin jirgi, ya buɗe baki ya roƙe ni rufin asiri? Hannun nan ya yi nauyi kamar turmi. Na ce a raina minti talatin ne kawai, ni ban san shi ba, shi bai san ni ba, Allah ya raba mu lafiya.

Na fara rabo. Bahago yana riƙe tarin katin a dama ne, ya riƙa cillawa da hagu. Kujera ta ɗaya, fiit. Ta biyu, fiit. Ta uku, ta huɗu, kati yana tafiya yana tsayawa daidai gaban mai shi, abin gwanin sha'awa. Da na zo ta biyar sai kawai na ga tarin katin ya koma hannun hagu, dama ta zaro ɗaya, ta tura shi a hankali har gaban Baba, kaina ya ɗan sunkuya. Sannan tarin ya dawo dama, na ci gaba, ta shida, fiit. Gaskiyar Allah, ban san na yi ba sai a zagaye na biyu, da na ji biron Madam yana ƙaraƙaf-ƙaraƙaf a bayana.

Na ce wa kaina, Saratu, ki shiga hankalinki, cilla masa kamar kowa. Aka zo rabo na gaba, na ƙudura, na cije leɓe, na kai kujera ta huɗu. Na dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin hular nan, sai hannun hagu ya ce ni dai ba da ni ba. Dama ta sake karɓa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Matsalar ita ce Baba ya fara ci. Daga baya ya gaya mini cewa tunda ya gan ni burinsa ɗaya ne, ya zubar da kwabbansa ya gudu, domin a gasa sai kwabbanka sun ƙare kake tashi, shi kuma yana ganin in ya miƙe haka kawai za a tsare shi da tambaya. Don haka kowane kati aka ba shi sai ya zuba, ko dubawa ba ya yi sosai. Zagayen farko ya ci. Ya ce, "Wayyo." Na biyu ya sake ci, ya dafa kai. Duk wanda ya ci kuwa dila ne yake tura masa tulin kwabban, ni kuma da hannu biyu nake turawa, ina sunkuyar da kai kamar mai kai wa suruki tuwo.

A kujera ta biyu akwai wani mai ƙaton agogo da yake ji da kansa, tun zamansa yake koya wa maƙwabtansa wasa ba su tambaye shi ba. A zagaye na uku ya samu sarki biyu. Baba kuwa ya leƙa nasa ya ga bakwai da biyu, katin da duk duniyar foka ta yarda ba wanda ya fi shi lalacewa. Fuskarsa ta washe, ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya, har ya fara laluben ledarsa da ƙafa. Mai agogo ya bi shi da murna. Na buɗe katin tsakiya. Bakwai. Tara. Sannan wani bakwai ɗin. Bakwai uku ke nan a hannun Baba, ya sake ci.

Baba ya manta da doka ya ce, "Kai! Wannan wace irin jaraba ce?"

Mai agogo ya miƙe tsaye yana nuna ni da yatsa. Wai ya ga ina canja hannu, ya ga ina yi wa mutumin alama da kai, kuma sun yi magana da wani yare. Duk abin da ya lissafa kuwa na yi. Na ji an taɓa kafaɗata. Wani dila ya karɓe ni, na nuna wa kyamara tafukana, na bi Madam. Minti goma sha ɗaya kacal na yi a cikin talatin ɗin.

A ofis muka tarar da Mista Gary, shugaban mutanen sama, ya riga ya sauko da hoton. Aka shigo da Baba da ledarsa, ofis ya gauraye da ƙamshin kifi. Mista Gary ya kunna hoton a hankali-hankali, muna kallon hannuna yana cin amanata sau shida. Ya ce ya duba, katin daga sama yake fitowa, bai ga an zaro na ƙasa ba. Amma tunda yake aikin nan bai taɓa ganin dila ya canja hannu saboda mutum ɗaya ba sai da wata a ƙasa. In haɗin baki ne, ba kora kaɗai ba ce, lasisina ma ya tafi, ba gidan da zai sake ɗaukata.

Madam ta ce, "Sara, kin san mutumin nan?"

Na dubi ƙasa. A gida wannan ladabi ne, a ofis ɗin nan kuwa kamar na sa hannu a takardar laifi.

Ta ce, "Tambayar ƙarshe ke nan. Kin san shi?"

Sai na ji kujera ta motsa. Baba ya miƙe. Ya cire hular, ya cire gilashin ya ajiye a kan teburin Madam, ya gyara wuyan kwat, ya yi gyaran muryar nan tasa. Ya faɗi cikakken sunansa, ya faɗi unguwarsa, ya faɗi muƙaminsa a coci, bai rage komai ba. Ya ce, "Yarinyar nan 'yar aminina ce, a hannuna ta girma. Abin da na faɗa a tebur ba addu'a ba ce, ƙarya na yi miki, Madam. Roƙonta na yi kada ta tona ni. A wurinmu in babba ya roƙi yaro haka, ya ɗaure shi ke nan. Laifin nawa ne."

Mista Gary ya tambaye shi me ya kawo shi Manchester tun daga Birmingham, alhali can ma akwai gidajen wasa.

Baba ya ce, "Abin da ya kawo ta shi ya kawo ni. A nan ba wanda ya san ni." Sannan ya ce shekara arba'in da ɗaya, duk bayan cin abinci, shi da matarsa Mama Hannatu sai sun buga karta irin tamu ta gida, mai tauraro da da'ira da kuros. Tana cutarsa a wasan, yana sani, yana ƙyale ta. Bara ta rasu. Tun daga nan ba wanda ya sake zama ya raba masa kati. 'Ya'yansa kowa da wayarsa, mutanen coci kuwa in sun zo sai dai su yi masa addu'a su tafi, wa zai ce wa dattijon ikilisiya zo mu buga karta? Da ya ga tallan gasar 'yan koyo sai ya ce wa 'yarsa za shi kasuwar Longsight sayen kifi. Ya ɗaga ledar ya nuna musu. Ya ce, "Kifin kam na saya."

Ni dai hawaye suka ɓalle mini. Duk zuwan da nake yi gaishe shi, ban taɓa lura da abin da ya rasa ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Madam ta turo mini kwalin tishu.

Mista Gary ya ce ya tausaya, amma wannan bai bayyana zancen hannu ba. Na share fuska na yi masa bayanin hagu da dama, da ludayin Mama, da barkono. Ya saurara yana kaɗa biro, alamar labarin ya yi masa daɗi amma bai gamsu ba. Madam ta juya tana tattara takardu kamar an gama magana. Can, ko dubana ba ta yi ba, ta ce, "Sara, miƙa masa gilashinsa, ku tafi."

Gilashin yana ta gefen haguna, tishu kuma yana hannuna na dama. Na ɗauki gilashin da hagu, na ajiye tishun, na mayar da gilashin dama, na tallafe gwiwar hannun da hagu, na rusuna na miƙa wa Baba. Sai da na ɗago na ga su biyun sun zuba mini ido.

Madam ta dubi Mista Gary ta ce, "Ka gani? Tana tsammanin an kore ta, ba wanda za ta burge, kuma ga shi ta yi. Haka ta yi wa tsoho mai sandan nan lokacin horo. Wannan ba alama ba ce, ciwo ne." Mista Gary ya fashe da dariya har da buga cinya, ya ce ya janye zancen haɗin baki.

Amma kada ku ɗauka na fita salin-alin. An cire Baba daga gasar, aka kwashe kwabbansa, abin da ya fi kowa murna da shi, aka kuma rubuta cewa ba zai ƙara zama a teburin da nake ba. Ni kuwa aka soke jarrabawar, aka rubuta mini gargaɗin ƙarshe saboda ƙin ɗaga hannu, kuma na cancance shi. Madam ta ce da don dokar kaɗai ce da na ajiye rigar, amma ta ba ni mako biyu in dawo in sake. Ta nuna ni da biro ta ce, "Ban damu da wane hannu ba ne. Hannu ɗaya, kujera tara. Ko ki cilla wa kowa da hagu har da kakanki, ko ki koyi dama."

Da na fito na tarar da Baba yana jirana a bakin titi, hula a hannu. Na raka shi tashar jirgin ƙasa, ba wanda ya iya duban wani. Sai da jirginsa ya kusa tashi ya ce, "Saratu, yau ba ni da bakin yi miki faɗa. Nawa zan faɗa wa mamarki da kaina gobe bayan sujada. Naki kuwa naki ne, ba zan taɓa shi ba, amma kada ki bar shi ya kwana da yawa." Ya buɗe leda ya raba kifin biyu ya ba ni rabi. Da hannu biyu na karɓa, ba kyamara a wurin.

Na gwada shawarar farko. Na jera matasan kujera a flat, na ɗora wa na biyar hula, na cilla masa da hagu lafiya lau. Amma na san ranar da furfura ta gaske ta zauna a wurin, hannun nan zai sake kunyata ni. Don haka na koma dama. Na ajiye kwando a ƙarshen tebur, safe da yamma ina cilla kati. Kwanakin farko kati ya shiga ƙarƙashin firji, ya faɗa tukunyar miya, ɗaya ma ta taga ya fita, har yau ban san wanda ya tsinci sarauniyar nan ba. Wuyan hannuna ya kumbura. Ranar jarrabawa na raba a hankali kamar mai zaɓen shinkafa, amma iri ɗaya daga ta ɗaya har ta tara. Madam ta rufe littafinta ta ce, "Kunkuru, amma kunkuru mai gaskiya. Kin ci."

Lahadin da ta biyo baya na tafi Sparkbrook. Na tarar da Baba a falo yana zaune kamar ɗalibin da aka kira ofishin hedimasta, ashe tun ranar da ya faɗi nasa Mama ta sa shi zuwa cin abincin rana duk Lahadi don ta riƙa sa masa ido. Na bi ta kicin tana tuƙa tuwo. Na durƙusa na faɗa mata komai, daga otal ɗin da ke saman bene har zuwa gilashi. Muciya ba ta tsaya ba. Ta ce caca dai caca ce, ko wace riga aka sa mata, kuma ba za ta ce tana murna ba, domin ba ta yi. Ƙaryar kuwa ta fi aikin yi mata zafi. Na ce na sani, Mama, ki yafe mini. Ta tsura wa tukunya ido har na fara jin ƙaurin tuwo.

Sai ta juyo ta ce, "Tsaya tukuna. Yanzu da wane hannu kike raba musu?"

Na ce, "Da dama, Mama."

"Dukansu?"

"Dukansu."

Ta ajiye muciya, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Shekara goma sha huɗu ina fama da hannun nan, ludayina biyu suka karye a kansa, ashe gidan caca yake jira ya gyara shi a mako biyu?"

Bayan an ci abinci ta shiga ɗaki, ta daɗe tana buɗe akwatuna. Ta fito da wata tsohuwar karta ta babana, an ɗaure ta da roba, duk gefenta ya yi baƙi. Ta dangwarar da ita a gabana ta ce, "Raba mana in gani da idona. Ba ko kwabo, kuma kada in ji a bakin matan zumunta." Na kwance robar na raba mana mu uku, da dama. Baba ya tattara katinsa, ya jera su a hannu, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya zaro hankici ya ce wai barkonon miyar ne ya yi yawa.

Abin da na koya a ranar nan, kuma nake so ku riƙe, shi ne dokar ɗaga hannu ba don a kunyata kowa aka yi ta ba. Da na ɗaga tun farko, da an canja ni shiru, Baba ya buga wasansa, ba wanda zai ji sunansa. Rufin asirin da na yi masa shi ya kai shi ga tsayawa a gaban baƙi yana tona kansa don ya cece ni. Na kuma koyi cewa ba kowa ne yake zama a kujerun nan don ya ci wani abu ba, wani so yake kawai a raba da shi, don haka ku dubi fuskar mutum kafin ku yanke masa hukunci. Mama har gobe ba ta son aikina, duk Lahadi sai ta faɗa. Tana gama faɗa kuma sai ta turo mini kartar, domin Baba ya ce ba wanda ya iya rabo kamata, ita kuma ta gano yadda ake cutarsa yana ƙyalewa.

Ladi, na gan ki kina dariya tun a wurin kifi. Kofuna suna jiran ki.